Zaƙami a Masaukin Turai

Daga Turai 'yar Malam Abu, a Gwaram, zuwa ga ƙanena Malam Hambali, muhuti mai ba alƙali fatawa a Birnin Kudu. Watan Safar, shekara ta 1289 ta hijira.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Fatsuma da yara. Mu nan jiki lafiya, in ban da gwiwata da ka sani. Zafi ya yi tsanani, rijiyoyin unguwa sun ja baya.

Bayan haka, kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma a zaure ɗaya muka koyi riƙe alƙalami, don haka ban nemi kowa ya rubuta mini wannan ba. Ka san tun rasuwar mijina Haladu ni da ɗana Sabo muke riƙe da masaukin fatake. Wani falke wai shi Badaru ya sauka wurinmu da abokin tafiyarsa Maikano, da kayan jaki biyu na turkuɗi da rawuna, suka ce Bauchi suka nufa. Suka damƙa wa Sabo kayan, ya sa a ɗakin ajiya na bayan zaure.

Ran kasuwa da hantsi na dama fura kamar kullum. Ƙwarya ɗaya na dama, na zuba wa Badaru tasa a ƙoƙo dabam don girmama baƙo. Kafin azahar mutumin ya tuɓe riga, yana ta cafkar iska, idanu sun buɗe kamar na mujiya, yana dariya yana neman ruwa. Unguwa duk ta taru a kansa, Sabo na cikin masu riƙe shi. Da abin ya lafa aka duba ɗaki, ba kaya. Sai ga Maikano ya dawo, wai daga neman harawar jakai, ya tsaya a ƙofar gidana yana cewa na sa wa abokinsa zaƙami, ɗana ya kwashe kaya.

Yanzu Sabo yana gidan yari da mari a ƙafa. Ni an ajiye ni gidan liman cikin matansa. Da aka tambayi Sabo, tsoro ya sa ya ce ko kayan bai taɓa gani ba, alhali kowa ya ga ya ɗauka ya shigar.

A gaban alƙali na ji ana juya kalmomi. Wani ya ce sata, wani ya ce ha'inci. Da wani malami ya ce hiraba, sai zauren ya yi tsit, aka daina kallona. Kai ne kake zaune cikin waɗannan kalmomi kullum. Ka warware mini su da Hausa, kada ka rage mini komai don tausayi. Ban sa kome a furar nan ba sai nono da yaji.

Wassalam.

Daga Hambali zuwa ga Yaya Turai. Farkon watan Rabi'ul Awwal.

Yaya, ina amsa gaisuwa, Allah ya sauwaƙe gwiwa. Fatsuma ta yi kuka da na karanta mata. Yara lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori.

Kin ce kada in rage, to ba zan rage ba.

Sata a shari'a ita ce mutum ya ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga inda aka killace ta. Wannan ma'ajin shi malamai ke kira hirzi. In abin ya kai wani gwargwado, kuma shaidu biyu adalai suka gani ko mutum ya amsa da bakinsa, hukuncinta yanke hannu ne. Hukuncin da aka ƙayyade irin wannan shi ne haddi, alƙali ba ya daɗawa ba ya ragewa.

Ha'inci kuwa, ko cin amana, shi ne a ba ka abu ka riƙe, ka cinye ko ka ɓoye. Babu yanke hannu a nan, domin mai abu da kansa ya miƙa maka. Sai biya, sai horon da alƙali ya ga ya dace, bulala ko tsarewa. Shi ne ta'aziri.

Hiraba ita ce fashi, kuma ita ce ta hana ni cin abinci. Za ki ce ina ke ina fashi, ba ki tare hanya ba, ba ki zare takobi ba. To malamanmu sun ce duk wanda ya shayar da mutum abin da ke gusar da hankali don ya ƙwace dukiyarsa, shi da mai tare hanya ɗaya ne. Hukuncin ya kama daga kora daga gari, zuwa yanke hannu da ƙafa, zuwa kisa. Abin da ya sa zauren ya yi tsit ke nan.

Ga shawarata. Kada kowa ya amsa abin da bai yi ba. Sabo ya janye maganarsa ta farko, ya amsa cewa amana ce aka ba shi ya ajiye, ta ɓace ba da hannunsa ba, domin mai riƙon amana ana gaskata shi da rantsuwa in babu shaida a kansa. In kuma manya suka kawo zancen sulhu, kada ki kore su da sauri. Saniya tana da madadi, ƙafar mutum ba ta da shi.

Allah ya fid da mu kunya.

Daga Turai zuwa ga Malam Hambali. Ƙarshen Rabi'ul Awwal.

Na gaishe ka don gaisuwa ba ta faɗuwa. Muna nan da rai. Ruwan shuka ya sauka, kowa na gona, gonarmu ce kaɗai ba a taɓa ba.

Takardarka ta iso a jiƙe, ruwan fari ya kama mai kawo ta a hanya. Bayanin kalmomi na karanta sarai, na gode. Amma can ƙasa tawada ta zube, abin da ya rage shi ne: Sabo ya janye, ya amsa, amana. Sai saniya. Na juya takardar ta kowace fuska, ma'ana ɗaya take ba ni. Kana so ɗana ya tsaya gaban jama'a ya ce ya ci amana, don a yi masa bulala maimakon wuƙa, ni kuma in biya da saniya.

Ashe haka karatu ke mai da mutum? Ka koyi inda kowane laifi ya fara da inda ya ƙare, har ka iya zaɓar wa ɗan'uwanka ƙarami a cikinsu kamar mai zaɓen goro. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Ubansa ya riƙe kayan fatake tun kana goye, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Ba kai kaɗai ba ne. Mai unguwa ya zo gidan liman da dattawa biyu, suka zauna bayan asabari. Ya ce, “Turai, baƙo ne, ba shi da kowa a nan. Ki ba shi shanun nan biyu ya kama hanyarsa, a kashe maganar.”

Na ce, “Baba, in na ba shi shanu me na saya?”

Ya ce, “Kin sayi ƙafar ɗanki.”

Na ce, “Na kuma sayi suna. Duk falken da ya ratso Gwaram za a nuna masa gidana a ce ga inda ake sa zaƙami. Wanda bai yi ba ba ya biya.”

Ya ce taurin kai ne irin na gidanmu. Na ce gado ne, ban saya ba.

Na aika wa Sabo da tuwo ta hannun matar liman, na ce ta gaya masa abin da kawunsa ya rubuto, da abin da uwarsa ta ce. Ya aiko cewa yana bayana.

Yanzu sun kawo shaidu. Maikano ya ce ya ga ina barbaɗa wani abu a ƙoƙo, shi da ya ce yana wurin harawa. Ɗanbala maƙwabcinmu kuma ya ce ya ga Sabo yana fid da kaya ta bayan gida. Biyu ke nan, adadin da ka faɗa. In kana da abin da ya fi shawarar miƙa wuya, ka aiko. In babu, addu'a ta isa.

Daga Hambali zuwa ga Yaya Turai. Watan Jimada Sani.

Yaya, Allah ya sa wannan ta same ki da lafiya, ya sa kuma ta same ki a kan lokaci. Mu lafiya, gero ya fara fid da kai.

Kada ki ɗauki shiruna fushi ne. Na rubuta amsa tun ranar da taki ta zo, amma aka ce an ga mahara Ningawa a dajin kudu, ba wanda ya yarda ya bi hanya. Da wannan ya wuce sai kogi ya cika. Wannan takarda na naɗe ta cikin fata, na ba wani mai jima, wato majemi, da ya rantse zai sa ta a hannunki.

Ruwa ya yi mini ƙarya. Ban ce Sabo ya amsa ya ci amana ba. Cewa na yi ya amsa amana ce aka ba shi, ta ɓace ba da hannunsa ba. Wannan gaskiya ce, kuma garkuwa ce. Musun da ya yi da fari shi ne ke cutarsa, don wanda aka kama da ƙarya ƙarama ana tuhumarsa da babba. Zancen saniya kuwa na faɗa, ba zan ɗora wa ruwa ba. Ke kina ganin gaskiyarki, ni kuma na ga masu gaskiya da shaidu biyu suka kayar.

Tunda kin ƙi, to ga makami. Shaida ba ta zama shaida don mutum ya buɗe baki. Kafin a yanke hukunci dole alƙali ya tambaye ki ko kina da suka a kan shaidun. Wannan shi ne i'izari, haƙƙinki ne, in an manta ki tuna musu. Wanda yake da rabo cikin kayan ba a karɓar shaidarsa a kansu, don kansa yake yi wa. Ki sa a tambayi Maikano ko yana da hannun jari a turkuɗin nan. Wanda kuma ke da sananniyar gaba da wanda ake ƙara, shi ma ba a karɓa. Ban san Ɗanbala ba, ke kin san shi.

Ki lura da wannan. In ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya, haddi ya faɗi, amma Badaru zai iya haɗa shaida ɗaya da rantsuwarsa ya ci ku biyan kaya. Sai kin kayar da su duka.

Ki yi magana a hankali, Yaya. Alƙali mutum ne, ba ya son a koya masa aikinsa a gaban jama'a.

Daga Turai zuwa ga ƙanena Malam Hambali. Watan Rajab.

Gaisuwa mai yawa gare ka da Fatsuma. A gidana nake rubuta wannan. Sabo ma yana gida, amma ba lafiya ba, zan zo kansa.

Na yi maka mummunar fahimta, ka yi haƙuri da wannan. Zancen saniya dai ban janye fushina ba tukuna.

Mai jima ya iso ana gobe zama. Na sami liman na ce a kai ni in ga ɗana, na karanta wa Sabo takardarka ta tagar gidan yari. Da aka zauna, Sabo ya ce, “Allah ya gafarta malam, na yi ƙarya da fari don tsoro. An ba ni kayan, na ajiye, ban san wanda ya fid da su ba.” Zaure ya ɗauki guna-guni, Badaru yana murmushi.

Shaidu suka faɗi nasu. Alƙali yana shafa gemu, na ga kamar za a wuce, sai na ce daga bayan asabari, “Allah ya gafarta malam, ina da suka.” Ka ce in yi a hankali. Na yi iya ƙoƙarina, amma matar liman ta ce har bakin masallaci an ji ni.

Ya ce, “Za a zo nan, Turai, ba a manta ba. Faɗi.”

Na ce a tambayi Maikano ko kayan na Badaru ne shi kaɗai. Shi a zatonsa rabonsa ake so a tabbatar masa, ya yi caraf ya ce rabi nasa ne. Alƙali ya ce ya koma gefe. Sannan na ce duk unguwa ta san Ɗanbala da Sabo ba sa ga maciji tun rikicin iyakar gona bara, har ya ce sai ya ga bayan gidanmu. Aka nemi wanda zai tabbatar. Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka ci tuwon sunan Sabo suna zaune suna kallon ƙasa. Sai na fara kiran su ɗaya ɗaya da sunayen iyayensu. Salihu maƙeri ya tashi, kunya ta tashe shi ba so ba, bayansa wani tsoho ya bi. Shaidar Ɗanbala ta faɗi.

Aka kai mu masallaci muka rantse a kan kayan, ni da Sabo.

An sake mu, amma kada ka ce an wanke mu. Alƙali cewa ya yi ba a tabbatar ba, bai ce ba a yi ba. Ayari biyu sun wuce, ba wanda ya sauka wurinmu. Mata sun daina aiko da ƙwarya sayen fura. Mari ya ci idon sawun Sabo ya zama gyambo, da sanda yake tafiya. Gona ciyawa ce muka noma bana. Badaru da Maikano sun fita gari sun yi wajenku, suna gaya wa kowa an zalunce su.

Kullum da hantsi ina dama fura, in fito da ita ƙofar gida, in zauna in sha a gaban masu wucewa.

Daga Hambali zuwa ga Yaya Turai. Watan Sha'aban.

Yaya, ina gaisuwa, ina yi wa Sabo sannu. Fatsuma ta haɗo garin magani na gyambo, a wanke da ruwan ɗumi kafin a barbaɗa. Mu lafiya, an fara yankan gero.

Ga labari. An kawo ƙara gabanmu daga Yalwan Damai. Wani manomi, Barau, ya sauki baƙi biyu fatake, ɗaya ya sha kunu ya haukace, kaya suka ɓace. Dangin Barau sun riga sun ware bijimi za su bayar, sai dagaci ya ce a kawo wa alƙali ya sa albarka a sulhun. Da na ji mai ƙara ya ce sunansa Badaru, na roƙi alƙali a keɓe, na gaya masa abin da ya same ki. Ya sa aka raba su, aka tambayi kowa shi kaɗai, maganarsu ta saɓa. Aka zazzage batta da jakar Badaru, sai ga 'ya'yan zaƙami ƙulle cikin tsumma. Maikano ne ya fara tona asiri. Badaru kan ci kaɗan da kansa, in jama'a ta taru a kansa shi kuma Maikano ya zagaya ya fid da kayan ya ɓoye a daji. Kaya ɗaya ne suke yawo da shi gari gari. Ya ambaci gidaje uku da suka biya su, ya ce naki ne kaɗai suka fita hannu wofi. Ya kuma ce rawani ɗaya suka ba Ɗanbala.

Za ki so sunan laifinsu. Ba sata ba ce, don kayansu ne suka ɗauka. Zamba ce, wato cin dukiyar mutane da dabara da ƙarya. Maikano da Ɗanbala kuma shaidar zur, wadda hukuncinta bulala ne, da zagayawa da mutum kasuwa a yi shela, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Cin zaƙamin ma laifi ne. Ba shi da haddi irin na giya, amma wanda ya gusar da hankalinsa da gangan ana hora shi da ta'aziri.

An yi musu bulala a nan. Alƙali zai aika da su Gwaram da dogarai da takarda zuwa ga naku. Ina roƙonki abu ɗaya. Ɗanbala maƙwabci ne, yana da iyali, za ku ci gaba da shan rijiya ɗaya. Manya za su nemi ki yafe don a rufa masa asiri. Kin ci nasara, Yaya. Ki yafe.

Daga Turai zuwa ga ƙanena Malam Hambali. Watan Shawwal, bayan Sallah.

Barkanmu da shan ruwa. Ina gaishe ka da Fatsuma, ka gaya mata maganin ya fara aiki, gyambon ya daina ruwa. Gwiwata tana nan yadda take. Hatsi kuwa saye muke yi, na sayar da maraƙi.

An kawo Badaru da Maikano kafin azumi. Yadda ka faɗa haka aka yi. Mai unguwa ya zo da dattawansa, wannan karon a zaurena suka zauna. Ya ce Ɗanbala ya amsa laifi, ya yi nadama, in na yarda za a roƙi alƙali a yi masa horo a cikin gida, kada a fita da shi kasuwa.

Na ce, “Baba, da ya ce ya ga ɗana da kaya, a cikin gida ya faɗa?”

Ya ce, “Ki dubi 'ya'yansa.”

Na ce, “Na dube su. Ku kun dubi nawa lokacin da ake zancen yanke masa ƙafa? Shanu kuka ce in kawo.”

Jummai matar Ɗanbala ta shigo tana kuka ta riƙe ƙafata. Ita ba ta yi mini kome ba, na tashe ta, na ba ta ruwa. Na ce mata bulala ba ta dame ni ba, in alƙali ya ga dama ya rage, ni zan ma roƙa. Amma shela sai an yi. Na je gaban alƙali na faɗi haka, ya rage masa bulalar.

Ran kasuwa aka zagaya da su uku, mai shela a gaba. Na tsaya a rumfar masu nono, Sabo a gefena da sandarsa. Da suka iso na ji mai shela yana faɗin laifinsu bai ambace mu ba, sai na tare shi na ce ya ƙarasa. Ya dubi dogari, dogari ya ɗaga kai. Sai ya ce gidan Haladu ba su ci amana ba, ba su sa zaƙami ba, ƙarya aka yi musu. Na bi su har mahauta don in tabbata ya faɗa a kowane layi.

Mata sun fara aiko da ƙwarya. Wani madugu da ya tsallake gidana da damina ya sauka wurinmu da jakai takwas, yana cewa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba. Na ce Sabo ya nuna masa ɗaki. Sabo yana so mu tashi mu koma wajenku, ya ce ba ya iya kallon mutanen nan. Na ce ya kalle su, su ne ya kamata su kasa.

Kai kuwa na huce. In ba don ka tashi ka yi wa alƙalinku magana ba, da Barau ya rasa bijiminsa, mu kuma muna nan da tabo.

Ɗanbala ya zo jiya da safe ya yi sallama a ƙofar zaure. Na amsa masa, don amsa sallama wajibi ce. Ya tsaya yana jiran ƙari, na ci gaba da tankaɗe har ya tafi. Ka ce in yafe, ban ce ba zan yafe ba. Ranar da Sabo ya taka zuwa gona ba sanda, ka sake tambayata.

Wassalam.